Zauren Tambaya: Su Wa Suka Riƙe Ƙungiyar Gari Kafin Mu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan watan, dukansu a kan ƙungiyoyin ci gaban gari suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar yadda muka saba, ba na sa sunan mai tambaya ko na garinsu.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke ƙaramar hukumar Kafin Hausa. Washegarin Babbar Sallah aka ba ni riƙon sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Garin ya fara buɗewa, ana ta yanka gonaki ana mayar da su fulotai, ruwa kuma duk damina sai ya ci gidaje. Muna son mu yi rajista a Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Da na buɗe tsohon fayil na tarar da sunayen mutum 26 da suka taɓa zama a kwamiti tun kafuwar ƙungiyar: malaman makaranta 14, ma'aikatan gwamnati 7, 'yan siyasa 3, ɗan kasuwa ɗaya, sai liman. Yanzu matasa sun ce wanda ba shi da digiri kada a sa shi, dattawa kuma sun ce a sa manyanmu na Dutse da Abuja don sunansu ya buɗe mana ƙofa. Shin sana'ar mutum tana da tasiri a wannan kujera, ko amana kaɗai ta isa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Ka riga ka yi abin da sakatarori da yawa ba sa yi, ka buɗe fayil ka ƙirga. Saura ka ɗauki takardar nan ka fita da ita. A gefen kowane kwamiti ka rubuta aikin da aka yi a zamaninsa, sannan ka taka da ƙafarka ka je ka ga aikin, yana nan ko ya rushe. Na yi wa ƙungiyar garinmu haka bayan na yi ritaya, kuma abin da na gani shi zan ba ka.

Na yi shekara 31 ina aikin raya al'umma a ƙananan hukumomi, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano. Garinmu yana gefen Kogin Haɗejiya, tsakanin Ringim da Taura. Kwamitinmu na farko, a farkon shekarun 1980, mutum bakwai ne: hedimasta, malaman firamare biyu, wani tsohon malamin haraji da ya yi aiki tun zamanin En'e, tela, Sarkin Magina, da wani bafatake mai zuwa kasuwar shanu ta Maigatari duk ranar Alhamis. Kada yawan malamai a takardarka ya ba ka mamaki. Bayan shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, kusan kowane ƙauye ya sami malami, kuma a garuruwa da yawa shi kaɗai ne zai iya rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa da Turanci, ya kuma ɗauki bayanin taro. Bukata ce ta ɗora su a kujerar, kuma sun riƙe ta da mutunci, Allah ya saka musu.

Amma da na bi ayyukan wancan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kowane aiki da hannun da ya tsayar da shi. Ajujuwa biyu da aka gina, malamai ne suka yi ta sintiri har aka turo benci da allo. Rumfunan kasuwa, bafataken nan ne ya ce a fuskantar da su hanyar da motocin Gujungu ke bi, ya kuma ware wa masu dabbobi kusurwa da nisa da masu abinci, don ya ga yadda ake yi a wasu kasuwanni. Jingar da aka yi da aikin gayya a yammacin gari, Sarkin Magina ne ya ja layinta da sandarsa, ya ce a nan ruwa yake fara leƙowa. Kuɗi kuwa a hannun tela suke. Bai wuce makarantar allo da yaƙi da jahilci ba, amma yana da littafi irin na 'yan makaranta, shafin dama shiga, shafin hagu fita, kuma duk Juma'a bayan an sauko sai ya karanta shi da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci. Mutane suna ba da kuɗi saboda suna jin inda na makon jiya ya tafi.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. 'Ya'yan garuruwanmu da suke aiki a Kano suka koma Dutse, da yawa suka sami ƙarin girma, sai ƙungiyoyi suka ga ai ga dama ta samu. Mu ma muka sake kwamiti, muka cika shi da daraktoci da manyan akawuna, ni ma ina ciki. Zan faɗi gaskiya a kansu, sun yi amfani. Sun san teburin da takarda za ta kwana da wanda za ta wuce. A zamaninsu muka sami ɗakin shan magani, aka kuma ja mana wuta. To amma ba sa kwana a gari, taro sai da Sallah, kuma a cikinmu babu mai auna ƙasa, babu magini, babu wanda ya san inda ruwa yake bi in an yi kwana biyu ana tsuga shi.

A wannan kwamiti ne muka tara kuɗi muka yi kwalbati a hanyar shiga gari. An kawo mana lissafi a takarda, mun duba, jimla ta yi daidai, muka sa hannu. Ranar da aka fara tono, Sarkin Magina, wanda muka riga muka sauke daga kwamiti, ya zo ya tsaya da sandarsa. Ya ce bakin ya yi ƙanƙanta, domin ruwan da za a wuce da shi har da na kududdufin arewa, wanda in ya cika yake biyo burtali ya haɗu da na titi. Mun gaishe shi cikin girmamawa, muka ce mun ji, babu wanda ya rubuta maganarsa. Damina ta biyu ruwa ya taru a bayan kwalbatin ya koma cikin unguwa, ɗakunan ƙasa suka zube, wata tsohuwa ta rasa rumbunta da hatsin shekara a ciki. Ba a ci ko kwabo a aikin nan ba, ni shaida ne. Dukanmu masu amana ne, amma babu wanda a cikinmu ya iya duba gangara. Har yau in na bi ta wurin sai na tuna sa hannuna yana kan takardar.

Kwamiti na ukun, bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, ba zan daɗe a kansa ba. Kansila da masu neman kujera suka shigo, rabin gari ya ce ƙungiyar ta zama ta jam'iyya kaza, ya daina ba da gudummawa. Ɗan siyasa ɗan gari ne, yana da haƙƙi, amma muddin yana takara ko yana kan kujera, a bar shi ya taimaka daga waje.

To ka ga amsata. Amana ita ce sharaɗin shiga, wanda ba shi da ita ko farfesa ne kada ya kusanci kujerar. Bayan ita sai a tambayi abin da mutum ya iya, kuma abin da ke gaban gari shi ne zai faɗi irin iyawar da ake nema. Ku matsalolinku biyu ne, ka faɗe su da bakinka: fulotai da ruwa. A cikin mutum 26 ɗin nan babu ko ɗaya da sana'arsa ta shafi ɗayansu.

Ɗauki maganar fulotai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da gwamna ya ayyana a matsayin birni a hannunsa, waɗanda ke wajen wannan kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Kuna bukatar wanda ya san wannan hanya, safiyo, ko mai tsara birane, ko tsohon ma'aikacin sashen filaye na ƙaramar hukuma. Mai gona da dillali burinsu fuloti ya yi yawa, don haka lungu yake fara tsukewa, sai ka ga amalanke ba ta shiga balle motar ɗaukar mai naƙuda. In babu mai tsayawa tun ana kafa turaku ya ce a nan titi zai bi, nan makaranta, nan ƙarin maƙabarta, wannan burtali ne na makiyaya ba a taɓa shi, wannan kududdufin kuma shi ke shanye ruwan unguwa kada a cike shi, to bayan shekara goma ba kuɗin da zai gyara. Wanda ya riga ya zuba bulo ba ya tashi. Kuma wannan mutum dole ya iya zama da dagaci da masu unguwanni, domin da saninsu ake cinikin gona a ƙauye.

Maganar ruwa ta fi zurfi. Ruwan da ke zuwa muku daga sama yake tahowa, ta kogin Kano da na Challawa, inda aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A ƙasa kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin Haɗejiya, sai ruwa ya nemi wata hanyar, ta cikin gonaki da gidaje. Kowa ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa ƙasar Haɗejiya da ta Ringim. Ƙungiyar gari ba ta da iko da madatsa, wannan aikin Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ne da gwamnati. Abin da ke hannunku shi ne jinga, da yashe magudanai kafin ruwan farko, da hana gini a hanyar ruwa. Nan mutum biyu nake so ku zaunar kusa da juna: injiniya, ko da matashi ne mai difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, da wani manomin fadama ko masunci da ya yi shekara arba'in yana kallon kogin nan. Ɗaya ya san girman bututun da zai ɗauki ruwa, ɗaya ya san ta inda ruwan zai ɓullo. Mu da muka yi kwalbati ba mu da ko ɗaya daga cikinsu.

Ga matasanku masu maganar digiri, ka tuna musu marigayi Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Ɗan sanda ne, bai karanta aikin ruwa ba, amma a zamaninsa aka yi Bagauda da Tiga, saboda ya nemo waɗanda suka iya ya ba su aiki. Shugaba yana iya fitowa daga kowace sana'a in ya san iyakar saninsa. Doka ma ba ta nemi digiri ba. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020 ta ce amintattu, wato waɗanda sunansu zai hau takardar rajistar ƙungiya, su kasance biyu ko fiye. Waɗanda ta hana su ne wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai fita ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Za a buga sunayen a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi.

Ga dattawanku kuma, a rarrabe musu kujeru, domin a nan ake yawan ruɗewa. Amintattu su ne waɗanda sunansu ke kan takardar rajista, su ke riƙe fili da gini da sunan ƙungiya, su doka ta sani in magana ta kai kotu, kuma wajibi ne a riƙa kai wa hukumar rahoto duk shekara.  Saboda haka babban mutumin da kuke son aron sunansa, a gaya masa nauyin da zai ɗauka kafin ya amsa. Kwamitin zartarwa kuwa shi ke aikin yau da gobe, kuma ra'ayina shi ne mafi yawansu su zama masu kwana a gari, waɗanda ruwan zai shiga ɗakinsu in sun yi sakaci. Manyanku na Dutse da Abuja ku naɗa su iyayen ƙungiya, ku girmama su, ku kai musu takarda in ana bukatar ƙofa ta buɗe. Ɗaya ko biyu daga cikinsu da suke zuwa gida a kai a kai za su iya shiga cikin amintattu. Ma'aji dai ku nemo mai haƙurin rubutu da ajiye rasit, akanta ne ko mai shago, kuma kada kuɗi su fita daga banki sai da sa hannun mutum biyu. Malamanku kada ku yar da su, har gobe su ne suka fi kowa iya riƙe fayil, ga ka nan kai ma shaida.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya, shekarata 12 ina awon ciki da rigakafi a nan. Ƙungiyar garinmu ba ta taɓa sa mace a kwamiti ba, alhali sau biyu kuɗin adashin mata ne ya gyara famfon tuƙa-tuƙa. Maigidana ya amince in shiga, amma ana cewa ba a saba ba. Sannan shugaban da ake son naɗawa ɗan kwangila ne, kuma shi yake son a ba shi aikin lambatu. Me ka gani?

AMSA: Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka. Na duba fayilolin ƙungiyoyi da yawa a rayuwata, kuma abin da kika faɗa shi ne a kusan dukansu, har da tamu. Wannan giɓi ya yi mana illa. Wa ya san famfon da ya fara ba da ruwa mai gishiri? Wa ya san unguwar da yara suka fi gudawa da damina, da lungun da ake fito da mai naƙuda a kan katifa saboda mota ba ta shiga? Ke kin sani, ungozoma ta sani, mai sayar da ƙosai a bakin kasuwa ta san inda ruwa ke kwanciya. Mu maza da muke zama a kwamiti sai an kawo mana labari. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, kuma wanda ya ga yadda aka yi aikin ya san kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka, masu maza da mata a ciki, su suka bi gida gida. Cikin gidan aure kuwa mace ce ke shiga ta duba masai.

Dokar rajista ba ta hana mace zama amintacciya ko 'yar kwamiti ba. Abin da ke hana ku yawanci lokaci ne da wuri. In taro bayan isha'i ne a dandali, an riga an fitar da ku ba tare da an furta ba. Ki nemi a mayar da shi ajin makaranta bayan la'asar. Kada kuma ki shiga ke kaɗai, ki nemi ku zama biyu ko uku, da wata dattijuwa da gari ke jin nauyinta, misali shugabar adashin nan. Ki fara kai maganar wurin liman da dagaci ta hannun maigidanki, ki tafi da lissafin kuɗin da mata suka kashe a famfo, a rubuce.

Ɗan kwangila yana da amfani a kwamiti ƙwarai, shi ya san kuɗin siminti da rodi da tifar yashi, ba a yi masa ƙarin farashi. Amma ya zaɓi ɗaya, kujera ko aikin. Doka ta ce kuɗi da dukiyar ƙungiya a kan manufofinta kaɗai ake kashe su, ba a raba wa membobi a matsayin riba. Ko da zai yi aikin da gaskiya, wa zai je ya ce wa shugaba kwabin simintinsa ya yi yashi da yawa? Ku rubuta a tsarin mulkinku cewa ɗan kwamiti ko ɗansa ko ƙaninsa ba ya karɓar aikin ƙungiya. In babu makawa sai shi, to ya sauka tukuna, a kuma nemi farashi daga wasu mutum biyu a gwada.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne daga ƙasar Gumel. Mu uku ne amintattun ƙungiyarmu, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙarfi ya ƙare. Yaya za mu sa wasu?

AMSA: Yaya, Allah ya jiƙansu da rahama, kai kuma ya ƙara maka lafiya. Ku kira babban taro kamar yadda tsarin mulkinku ya tanada, a zaɓi sababbi, a rubuta matsayar taron a sa hannu. Sai a kai wa Hukumar CAC tare da shaidar rasuwar mamatan, a buga a jarida, a jira kwana 28, sannan ta ba da sabuwar takarda. Ku sami lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi ya bi muku. Kada a jinkirta, domin banki da masu ba da tallafi sunayen da ke kan takarda suke dubawa.

Ina roƙonka abu ɗaya kafin a kai ga wannan. Ka zaunar da wani yaro mai rubutu, ka faɗa masa duk wanda ya taɓa zama a kwamitinku, sana'arsa, da aikin da ya tsaya a kai, har da wanda ya lalace da dalilin lalacewarsa. Ka kuma aika gidajen abokan naka biyu a tambayi iyalansu ko akwai takardu a akwati ko a ƙarƙashin gado, tun gara ba ta riga ku ba. Mu ma a haka muka samo littafin telanmu. Ɗansa ne ya kawo mini shi a cikin leda bayan sadakar arba'in, bangon ya cinye amma rubutun yana nan da ajami, har kuɗin goron da aka saya wa masu gayyar jinga. A shafin ƙarshe ya rubuta ragowar da ke hannunsa, naira 340, da sunan wanda ya damƙa wa.